Adon Ribom a Bikin Maƙwabta

A watan Disamba na shekarar 2000 aka sa ranar auren 'yar maƙwabciyarmu a Wusasa, garin da ke gefen Zariya, wanda aka sani da tsohuwar majami'ar nan ta ƙasa da aka gina a 1929 bisa tsarin ginin Hausawa. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu, mu Musulmi, su kuwa Kirista. Tun tasowata mukan kai musu tuwon Salla, su aiko mana da shinkafar Kirsimeti. Amma a wannan shekara hankula ba su kwanta ba, domin rikicin da ya ɓarke a Kaduna cikin watan Fabrairu ya bar tsoro da zargi har a garuruwan da wutar ba ta kai ba. Gaisuwa ta ragu, shiga gidan juna ta yi wuya.

Wata rana da la'asar sai ga uwar amarya ta yi sallama, tana riƙe da leda cike da ribom fari da shuɗi. Ta dubi mahaifiyata, wadda aka sani da sana'ar ɗinki a unguwa, ta ce, "Maman yara, kuɗin mai adon coci ya fi ƙarfina. Ko za ki rufa mini asiri?" Inna ba ta yi dogon tunani ba, ta ce, "Haba Yaya, ai 'yarki 'yata ce. Ajiye kayan." Bayan fitarta Gwaggo ta yi ta faɗa, wai me ya haɗa mu da adon coci a irin wannan lokaci. Inna ta ce mata haƙƙin maƙwabci ba ya faɗuwa don gari ya ɗauki zafi.

Kwana shida ya rage, ga ƙulli 40 da za a ɗaura a bakin bencina, kowanne yana cin yadi biyu, ban da furannin da za a jera a gaban bagadi. Ina da shekara 14, a nan na fara koyon aikin. Akan naɗe ribom ya yi kunne, a matse tsakiya da yatsa, a murɗa shi don gefen da ke sheƙi ya dubi waje, sannan a sake wani kunnen, har su kai takwas. Sai a ɗaure tsakiyar da siririyar waya, a baza kunnuwan, a yanke jelar a karkace. Da yake ribom ɗin na roba ne, akan gifta bakin yankan kusa da harshen kyandir, ya ɗan narke ya haɗe, don kada zaren ya warware. Fure kuwa lanƙwasa ake yi ana naɗawa, ana kama gindinsa da allura da zare.

A dare na huɗu gaggawa ta kai ni ta baro. Na kusantar da kyandir fiye da kima, wuta ta lashi naɗin farin ribom, kusan yadi biyar ya ƙanƙance ya yi baƙi. Ba kuɗin sayen wani, kuma kunyar gaya wa uwar amarya ta ishe ni. Na zaci duka zan sha. Inna ta dubi ɓarnar, ta miƙo mini magwaji, ta ce, "Ke kika ƙona, ke za ki nemo mafita. Auna abin da ya saura." Na auna, na yi lissafi a bayan kwali ina hawaye. Can na gano cewa kunne biyu na cin kimanin rabin yadi, saboda haka idan ƙulli goma na bencinan baya suka tsaya a kunne shida, abin da ya rage zai isa. Inna ta gyaɗa kai kawai, muka ci gaba.

A daren ƙarshe hannuwa suka gaji, ga furanni ba su kammala ba. Ba wanda ya kira ta, sai muka ga Gwaggo ta jawo tabarma ta zauna, ta ce a ba ta allura. Washegari na bi ƙannen amarya muka ɗaure adon da zare, domin dattawan majami'ar ba su yarda a buga ƙusa a benci ba. Da aka tashi daga ɗaurin aure, uwar amarya ta shigo gidanmu da matan zumunta, suka cika tsakar gida da godiya. Daga ranar ƙofofin gidajen biyu suka koma a buɗe.

Yau da nake koyarwa, duk lokacin da ɗalibi ya yi kuskure nakan tuna da magwajin Inna. Da ta dake ni, da tsoron kyandir kaɗai zan koya. Da ta gyara da kanta, da ban koyi komai ba. Ta bar ni da matsalar, ta tsaya kusa. Haka kuma ba ta taɓa zaunar da ni ta yi mini wa'azi kan zaman lafiya ba, aiki ta sa ni na yi wa maƙwabta da hannuna. Ajin da za ku shiga zai haɗa yara mabambanta addini da harshe. Ku ba su aikin da sai sun haɗa hannu zai yiwu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.