Wa zai tsaya mana a inda ba a san iyayenmu ba?

A wajenmu, Gaya da Ajingi, saurayi ba ya tsayawa gaban manya ya lissafa abin da ya iya. Wani ne yake faɗa a madadinsa. Mai shagon da yake neman yaro zai tambayi ɗan gidan wa ne, wa ya koya masa, wa kuma zai tsaya masa. Idan malaminsa ko tsohon maigidansa ya ce yaron nan yana da amana, magana ta ƙare. A haka aka raine mu, ana tuna mana cewa yabon kai jahilci ne.

Wannan tsari yana da kyau matuƙar mai ɗaukar aikin zai iya hawa babur ya je ya yi tambaya. Amma ayyukan da muke nema bayan mun gama karatu a Wudil, ko Dutse, ko Jami'ar Bayero, masu ba da su suna zaune a Kano da Abuja da Legas. Ba su san kawunmu ba, ba su san limamin unguwarmu ba. Sunanmu kawai ke gabansu, kuma akwai waɗanda za su buga sunan nan a intanet su ga abin da zai fito. Ga yawancin matasanmu, abin da yake fitowa shi ne hotunan sallah a Facebook da muhawarar ƙwallo.

Dalilin da ya sa muka koma ga LinkedIn ke nan. Dandali ne na ma'aikata da masu neman aiki, an buɗe shi a 2003, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016 a kan dala biliyan 26 da 'yan kai, kuma a 2023 masu rajista suka haura biliyan 1. Buɗe shafi kyauta ne ga wanda ya kai shekara 16, wato ɗan ajin ƙarshe na sakandare ma yana iyawa. Wahalar tana zuwa ne a gurbin da ake cewa ka rubuta ayyukan da ka taɓa yi. Nan hannu yake sanyi, domin mutum yana ganin bai taɓa zama a ofis mai iyakwandishan ba, saboda haka ba shi da abin faɗa.

Da muka zauna muka lissafa wa juna, sai ga abin faɗa har ya yi yawa. A cikinmu akwai waɗanda suka bi gida gida a Toranke da Balare da Kademi suna ɗiga wa yara rigakafin shan inna, aikin da ya taimaka aka ayyana Najeriya ta rabu da ainihin ƙwayar cutar a watan Agusta na 2020. Akwai wanda ya yi aikin wucin gadi a zaɓen 2023, ya riƙe na'urar BVAS tun safe har dare. Akwai mai POS da kuɗin mutane suke bi ta hannunsa kullum ba a taɓa jin kansa da kowa ba, da wadda take koyarwa a Islamiyya shekara uku, da wanda yake rubuta wa ƙungiyar manoman garinsu lissafin taki da iri. Masu aikin lafiya da na noma da suke shigowa ƙauyukanmu irin waɗannan mutane suke nema: wanda ya san hanya, ya san yadda ake gaida mai unguwa, matan aure kuma za su yarda ya yi sallama. Abin da yake ƙona mana rai shi ne mu ga an kawo wani daga nesa ya yi aikin, mu kuma a ɗauke mu 'yan rakiya na kwana biyu, don kawai shi an gan shi a rubuce.

Shi ya sa muka tsayar da cewa kowa ya rubuta sunan garinsu. Mai rubuta "Kano" kaɗai ya faɗa cikin dubban mutane, mai rubuta Ajingi kuwa ya fita daban ga wanda yake neman ɗan Ajingi. Kuma Gaya ba garin ɓoyewa ba ne: tarihin da ake bayarwa ya ce maƙeran Gaya ne, Abagayawa, suka fara zama a gindin Dala suna haƙar tama. Da sana'arsu aka san su.

Batun kunya kuwa, dandalin da kansa ya kawo mafita. Akwai gurbi inda wanda ka yi aiki a ƙarƙashinsa zai rubuta shaida a kanka da sunansa, kowa ya gani. Ai wannan shi ne tsayawar da muka sani a gida, sai dai ita a rubuce take. Malamin da ya duba aikinka na ƙarshe a jami'a, shugaban wurin da ka yi SIWES, hedimastan makarantar da ka yi bautar ƙasa, duk suna iya rubuta layi uku idan suna da shafi. Yadda ake roƙon ne yake da muhimmanci. Mu dai zuwa muke yi mu gaishe su, ko mu kira, mu ce "Malam, muna neman alfarma," mu tuna musu aikin da shekarar. Kai kuma naka shi ne ka faɗi abin da ya faru da adadinsa: ɗalibai nawa, wata nawa, a wane gari. Wanda ya ce ya koyar da yara 60 lissafi bai yabi kansa ba, labari ya bayar.

Turanci shi ma yana tsorata mutane, har wasu su kwafo manyan kalmomi daga shafin wani. Ana ganewa. Gajeren Turanci mai tsabta ya fi, sannan a sa Hausa a gurbin harsuna, da Larabci ko Fulatanci ga mai ji, domin akwai aikin fassara da tattara bayanai da harshen ne jarinsa.

'Yan'uwanmu mata sun fi yin tambaya a kan hoto. Ba dole ba ne a sa shi, kuma ana iya saita shi yadda waɗanda kika amince da su kaɗai za su gani. Wata ƙanwarmu da ta karanta aikin lafiya ba ta sa ba sam, ta dai cika shafinta da wuraren da ta yi horo, kuma an kira ta ganawa. Abin da muke gargaɗin kowa a kai, mace da namiji, shi ne 'yan damfara. Duk wanda ya turo saƙo da albishir ɗin aiki sannan ya ce a biya kuɗin fom ko a turo lambar BVN, a toshe shi nan take.

Ba kowannenmu ya samu aiki ba, kuma data tana da tsada, caji ma sai an kai shago. Saboda haka ba kullum muke hawa ba. Ranar Asabar muke haɗuwa, kowa ya karanta wa sauran abin da ya rubuta, a gyara masa, a tuna masa aikin da ya manta ya taɓa yi. Mai zuwa, ƙannenmu 'yan aji shida za mu zauna da su, kowa ya zo da biro da takarda kafin a taɓa waya.