Talotalon Daji da Kwanon Masara

Shekara shida ke nan da 'yata ta ɗauko ni ta kawo ni wurinta a yammacin jihar Massachusetts ta Amurka, bayan rasuwar mahaifiyarta. Gidan nata a bakin daji yake. Mutumin da ya saba da zaure da majalisa, ga shi an ajiye shi inda za a wuni ba a ji sallama ba. Don haka idan na idar da sallar asuba sai in haɗa shayi in ja kujera bakin tagar kicin, in zuba wa itatuwa ido har gari ya waye sosai.

Wata safiya a ƙarshen Oktoba na ji fuka-fukai na kaɗawa kamar ana kakkaɓe tabarma. Ina ɗaga kai sai ga wasu manyan tsuntsaye baƙaƙe suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya daga ƙololuwar itace. Da farko na ce ungulaye ne. Sai da suka sauka suka fara taku na gane talotalo ne, guda goma sha huɗu. Ni dai talotalon da na sani shi ne wanda ake kaiwa kasuwa gab da Kirsimeti, mai nauyin jikin da ko katanga ba ya iya hayewa. Waɗannan kuwa a kan itace suke kwana, kuma idan ta ɓaci suna tashi sama kamar an harba su, a ƙasa ma gudunsu ya kai kilomita 40 a awa. Ashe nan ne asalinsu. Na gidan da muka sani a Meziko aka fara kiwonsa, mutanen Sifaniya suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga nan ya bazu.

Kallo ya zame mini sana'a. Na san lokacin da barewa take fitowa da ɗanta mai ɗigo-ɗigon fari, na san kuregen da ke binne 'ya'yan itace ya manta inda ya sa su, na san shahon da ke zama kan busasshen reshe. Amma talotalo ne suka fi ɗauke mini hankali. Suna tona ganye da ƙafa, su ja da baya, su duba abin da suka tono. Kuma duk yadda ci ya yi daɗi, ba za ka taɓa ganin dukkan kawunan a ƙasa ba. Kullum akwai mai miƙe da wuya tana gadi.

Da Janairu ya shigo, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa har gwiwa, sai tausayi ya kama ni. Na sa aka sayo mini buhun ɓarzajjen masara, kullum da safe in watsa musu kwano guda. 'Yata ta ce, "Baba, hukumar kula da namun daji ta ce a daina ba su abinci fa." Na ce, "Ke dai ƙyale ni, sadaka ce. Tun kafin a haife ki nake watsa wa tsuntsaye tsaba." Ta yi shiru, irin shirun ɗan da ya san gaskiya amma ba ya son musu da uba.

Kafin wata biyu sun daina shiga daji kiwo. Ina buɗe ƙofa sai su taho da gudu. Ni kuwa daɗi ya cika ni, na ce ga shi na yi abokai. Ɓeraye suka samu gindin zama a ƙarƙashin matakala, wani karen daji mai kama da dila da suke kira koyoti ya fara zagayowa da magariba, duk ban farga ba. A watan Afrilu, lokacin barbararsu, babban namijin ya baje jela kamar mahuci, ya ja fuka-fukai a ƙasa, kansa yana rikiɗa daga ja zuwa shuɗi zuwa fari. Ya wuni yana saran ƙofar motar surukina, don ya ga inuwarsa a jiki ya ɗauka abokin gaba ne. Rannan jikata, wadda nake tsokana da amarya, ta sauko daga motar makaranta, ya bi ta da gudu har ta faɗi ta goge gwiwa. Da ta shigo tana kuka ta ce, "Kaka, abokinka ne ya kore ni." Ban sami abin cewa ba. Sabo ya cire masa tsoron mutum, kuma ni na koya masa.

Maƙwabcinmu, wani dattijo Bature tsohon maharbi, shi ya nuna mini yadda zan gyara: a ɗauke masarar, a share wurin, duk sa'ad da namijin ya matso a buɗe masa laima a fuska a kore shi, kada a ja da baya. Sai da muka yi mako uku muna wannan dambe kafin su koma daji. A cikin waɗannan kwanaki ne ya ba ni tarihin da har yau nake juyawa a raina.

Sare dazuzzuka da farauta ba ƙaidi sun taɓa ƙarar da talotalon daji a jihar nan ƙaf. Na ƙarshe da aka sani an harbe shi a 1851 a kan Dutsen Tom. Daga baya da aka so a dawo da su, sai aka bi hanyar da kowa zai fara tunani: a ƙyanƙyashe ƙwai a gona, a rene su a keji da abinci da ruwa, idan sun girma a sake su a daji. An yi ta yi shekara da shekaru a jihohi da dama, ana zuba kuɗi, suna mutuwa. Jikinsu lafiya lau, jininsu na talotalo ne, amma ba su san inda abinci yake ba, ba su san inuwar shaho ba, ba su san a hau itace kafin duhu ba. Ba su taɓa bin bayan uwa ba. Sai a farkon shekarun 1950 aka samu dabarar raga da ake harbawa ta rufe garke guda, aka fara kama na dajin sosai ana kai su sabon wuri. A 1972 da 1973 aka kamo guda 37 daga jihar New York aka sake su a yankin Berkshire, ba nisa da inda nake zaune. Daga waɗannan 37 ɗin, yau jihar tana da fiye da 30,000.

Daren da na ji wannan ban yi barcin kirki ba, domin autana ne ya tsaya mini a rai. Manyan 'ya'yana na haife su ina ƙaramin malamin makaranta, albashi ba ya kai wata. Dole suka bi ni gona, suka bi ni kasuwa, suka ga yadda ake tayi, yadda ake ba mai bin bashi haƙuri, yadda ake gane mayaudari tun daga gaisuwarsa. Ban zaunar da su na ce ga darasi ba, gani suka yi. Auta kuwa ya zo bayan Allah ya buɗa. Na rantse ba zai sha wahalar da yayyensa suka sha ba. Ya yi faɗa a makaranta, ni ne a ofishin shugaba. Ya ci bashi, na biya kafin mai kuɗin ya zo. Ya rasa aiki, na nemo masa wani. Mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, ta sha ce mini, "Malam, gatan nan ya yi yawa." Ni kuma in ce ai don su muke nema. Yau ya haura arba'in, mutumin kirki ne, ba ya shaye-shaye, ba ya raina kowa, amma ƙaramar matsala sai ta durƙusar da shi. Na daɗe ina ɗora masa laifi. A bakin tagar nan na gane wanda ya gina kejin.

Kada a ɗauka cewa nake yi a yi watsi da yaro ya ji a jikinsa. Uwar talotalo ba ta haka. Takan yi ƙwai goma zuwa goma sha biyu a wani ɗan rami a ƙasa, ta kwanta a kai kwana 28, da ƙyar take tashi ta ci abinci. 'Yan tsakin suna fitowa, cikin kwana guda sun bar sheƙa suna biye da ita. Ba ta sa musu komai a baki. Tana gaba suna baya, tana kai su inda fara da ƙwari suke, su da kansu suke cafkewa. Idan ruwa ya sauko ta rufe su da fuka-fukai. Idan shaho ya gilma ta yi wata 'yar ƙara guda ɗaya, nan take su lafe a ciyawa kamar ƙasa ta haɗiye su. Kusan mako biyu suke yi kafin su iya tashi su kama reshe, kuma a wannan tsakanin ne aka fi asararsu. Tana tare da su har bayan kaka. Wannan aikin ya fi watsa masara wuya nesa ba kusa ba, don masara kuɗi kawai take ci, wannan kuwa lokacinka yake ci da haƙurinka.

Watan jiya auta ya bugo waya, shagonsa ya shiga rikici. Hannuna har ya kai kan wayar tura kuɗi. Sai na ce, "Ɗauko littafin cinikinka, karanto mini daga farkon shekara." Muka yi awa biyu muna bi layi-layi, har shi da bakinsa ya gano inda kuɗin ke zurarewa. Ban tura ko sisi ba. Ya yi fushi na kwana biyu, sannan ya sake bugowa da wata tambayar. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, na sani, kuma na makara. Amma muddin da numfashi, gara in yi abin da ya rage.

Kowace shekara daga Yuni zuwa Agusta hukumar namun dajin takan roƙi jama'a su ƙirga 'yan tsakin da suka gani su aika mata. Ni da amaryata muka ɗauki aikin, ita ke riƙe da biro. A farkon Yuni mun ƙirga goma sha ɗaya a bayan wata uwa. Da Agusta ya zo saura biyar. Ta dube ni idonta ya ciko ta ce, "Kaka, mu gina musu akurki mana, kada sauran ma su mutu." Na ce, "Amarya, zo ki gani." Rana tana faɗuwa, uwar ta tsaya a gindin dogon itacen nan, ta ɗaga kai ta auna, ta tashi. Huɗu suka bi ta. Na biyar ya yi ta zagaye a ƙasa yana kuka, ita kuma tana kiransa daga sama ba ta sauko ba. Sai a yunƙuri na uku ya kama reshe. Yarinyar ta rubuta biyar a takardarta, ni kuma na tashi na yi alwalar magariba.