Darma da Albarushi a Hanyar Dauran

Mun bar Ƙauran Namoda da hantsi, don direbobin hanyar Zurmi yanzu ba sa son sammako, ba sa kuma son la'asar ta same su a daji. Tashar jirgin ƙasa, inda layin dogo ya tsaya tun 1929, tana nan shiru. Daga nan sai gonakin gero da shingayen jami'an tsaro har Dauran.

A wata maƙera a bayan kasuwa, wani dattijon maharbi yana zaune kan buzu, bindigarsa ta toka a jingine da bango. Maƙerin ya ajiye gyaran fartanya ya ɗora ƙaramin kasko a wuta, yaro yana buga zuga-zugi. Darma ba ta da gardama irin ta ƙarfe: kafin gawayi ya yi ja sosai ta narke, datti ya taso sama, a kwashe. Abin da ya fito daga mazubi sai dattijon ya riƙa murza shi a tafin hannu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi rami ko ya karkace, ya koma kasko.

A wurinsa kowace bindiga da cikinta. Maƙera daban-daban ne suka ƙera su, bakin wannan bai yi daidai da na waccan ba, saboda haka ɗurin da ya yi wa ɗaya daidai yana iya tsaga ɗaya. Zabi da fakara, ƙananan ƙwayoyi ake watsa masu. Gyado kuwa, mai kaurin fata da taurin rai, sai dunƙule guda mai nauyi, kuma sai an lallaɓa an matso kusa, domin harbi ɗaya ne. Kafin a sake ɗuri naman ya yi nisa, ko ya juyo kan mai shi.

Wannan lissafi ba na maharban Zamfara kaɗai ba ne. A Amurka wani makiyayi, Elmer Keith, ya daɗe yana zuba wa ƙaramar bindigarsa harsasai masu nauyi da hannunsa, har kamfanonin Remington da Smith & Wesson suka fito da samfurin .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950. Sai dai can akwai sikeli da littafin awo. Nan ido ne da abin da uba ya nuna wa ɗa.

Farautar ce dai ta mutu. Dajin Dumburum da na Rugu sun zama mazaunin 'yan bindiga, ba mai shiga neman gada. Bindigar da dokar makamai ta 1959 ta yarda a riƙe da lasisin 'yan sanda ta koma kafaɗar masu gadin gari. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi makamai su kare kansu, a Janairun 2024 kuma Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da rundunar tsaro ta Askarawan Zamfara. Amma mai ɗuri ɗaya a gaban mai AK-47, kowa ya san yadda ake kwashewa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaron nan mai zuga, fuskarsa a kan hayaƙin kasko, ga shi yana cin gyaɗa da hannun da ya taɓa darma. Galibinta daga matattun baturan mota ake fasa ta. A jihar nan ce fa, a 2010, gubar darma daga duwatsun zinare ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, har sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo.

Maƙerin shi kuma samari ne damuwarsa. Tsoro yana sa su cika albarushi fiye da kima, a zatonsu ƙara ita ce ƙarfi. Ya jawo wani bututun bindiga daga ƙarƙashin tarkace ya nuna mana: ya dare daga gindi, kuma da yatsu biyu na mai shi ya tafi. Ya ce ba zai gyara shi ba ko nawa za a biya. Zai yanke ɓangaren da ya rage lafiya ya yi wa zuga-zuginsa sabon baki.