Malamin Sikawut da Dajin da Ya Fi Ƙarfinmu

Duk wanda ya yi firamare a kudancin Katsina tsakanin 1976, lokacin da shirin ilimin firamare kyauta na UPE ya cika azuzuwa da 'ya'yan talakawa, da 1987 da aka yanke mana jiha daga tsohuwar Kaduna, ya san malamin sikawut ko da bai taɓa sa kakinsu ba. Malamin aji ne kamar kowa, mai koyar da lissafi ko labarin ƙasa. Bambancinsa da sauran shi ne idan an tashi, malamai sun hau kekunansu sun nufi gida, shi sai ya tsaya. Ba a ƙara masa ko kwabo a albashi saboda wannan tsayuwa. Jarinsa usur ne, da sanda, da igiyar rama, da wani tsohon littafi da bangonsa ya rabu da shi.

Mutanen gari sun fi ganin yaransa ranar 27 ga Mayu da ranar 1 ga Oktoba, suna maci a fili gaban hakimi, Sarkin Pauwa a Ƙanƙara ko Sarkin Yamma a Faskari, sun ɗaga yatsu uku suna sarawa. Shi ya sa da yawa suka ɗauka maci ne sana'ar. Maci kuwa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da ake koya.

Asalin abin daga Ingila ne. Wani hafsan soja, Robert Baden-Powell, ya kwashi yara 20 ya yi zango da su a tsibirin Brownsea a watan Agusta 1907, shekara na zagayowa ya fitar da littafinsa, a 1915 kuma tafiyar ta iso Nijeriya. Abin da ya fi kaki da usur daraja a tsarinsa shi ne raba yara rukuni-rukuni, shida zuwa takwas, a naɗa wa kowane rukuni shugaba daga cikinsu, babba ya koma gefe yana kallo. Wannan bai zo wa Bahaushe a baƙo ba. Tun kafin Bature ya taka ƙasar nan kowane ƙauye yana da sarkin samari, shi ke kiran gayya idan gonar wani dattijo ta fi ƙarfinsa, shi ke raba kuyya, shi ke cin tarar wanda ya maƙale. A Nijar ma, da Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, wannan tsohuwar ƙungiyar samari, wato samariya, ya farfaɗo da ita ya ɗora mata aikin gari. Malaman da suka ci nasara a wajenmu su ne waɗanda suka gane cewa renon sarkin samari suke yi wa gari, cikin gajeren wando.

Bari in faɗi yadda abin yake a aikace, don a nan ne malami na ƙwarai yake bambanta da mai son a sara masa. Za a fita zango kwana biyu a bayan gari. Malam zai kira shugabannin rukuni, yara 'yan shekara 12 ko 13, ya auna wa kowa garin masara da wake da ƙuli-ƙuli da ɗan mai, ya ce wannan ne abincinku har mu dawo. Daga nan ba ya ƙara sa baki. Yaron da ya saki hannu a daren farko, washegari shi zai dubi idon 'yan rukuninsa ya gaya musu babu na rana. Malam yana gani, yana da abin da ya ɓoye a jakarsa don kada yunwa ta yi ɓarna, amma ba zai fito da shi ba sai yaron ya zo da kansa ya faɗi inda lissafinsa ya karkace. Idan tuwo ya yi gudaji ko ya kama, Malam zai zauna ya ci shi tare da su ba tare da ya yamutsa fuska ba. Kuma ba ya sa hannu a kwano sai ya tabbata ƙaramin cikinsu ya samu. Na ga manyan mutane a ofisoshi da yawa tun daga lokacin, kaɗan ne a cikinsu suke iya haƙurin barin na ƙasa ya yi kuskure ya gyara da kansa, kaɗan ne kuma suke jira a ƙoshi kafin su ci.

Daji shi ne ajin. Ƙasar nan tamu, daga Ƙetare zuwa 'Yankara, daga Daudawa zuwa Damari, ƙasa ce mai duwatsu da rafuka da itatuwa, ba irin fakon arewacin jihar ba. Yaro yakan koyi yanke ɓawon kalgo ya tufka igiya, ya bambance ɗaurin da ke riƙe kaya da zargen da ke shaƙewa, ya haɗa gadon ɗaukar majinyaci da sanduna biyu da riguna. Yakan san inuwar ɗorawa da ta kaɗanya, ya san ba a kafa tanti a gindin tsohon icce ko a cikin kwari da damina, ya san sawun kububuwa a rairayi, ya san abin da ake yi wa wanda maciji ya sara da abin da ba a yi. Da dare a kwanta rigingine a nemo Kaza da 'Ya'yanta, da asuba a duba Gamzaki a gane gabas.

A nan akwai abin da nake so masu jagorancin yara a yau su tsaya a kai. Rabin wannan ilimi ba ya cikin littafin Malam. Yana kan yaran ruga. A makarantun ƙauye na wancan zamani akan samu 'ya'yan Fulani jefi-jefi, galibi marasa yawan magana, waɗanda a cikin aji 'yan gari kan yi wa dariya saboda Hausarsu. Da an fita daji sai magana ta juya. Yaron da ya tashi bayan shanu ya san inda ruwa yake kwana da rani, yana duban sawu ya ce wannan na jiya ne, yana jin kukan tsuntsu ya ce akwai abu a cikin sabarar can. Malami mai hankali yakan ce masa, “Zo nan gaba, yau kai ne malaminmu.” Sai ɗan mai unguwa da ɗan attajirin auduga su bi bayansa suna tambaya. Da dare a tabarma guda za su kwana. Ba wanda ya taɓa tara mu ya yi mana lacca kan zaman lafiya tsakanin manomi da makiyayi. An dai sa mu cikin halin da sai da juna za mu iya komawa gida, kuma wanda ka taɓa bin sawunsa a daji da wuya ka yarda a ce maka duk danginsa ɓarayi ne.

Akwai kuma batun hannun hagu. 'Yan sikawut na duniya da hagu suke gaisawa, ana ba da labarin cewa Baden-Powell ya ɗauko al'adar daga Asante, inda ya je yaƙi a 1895, wai jarumi ne kaɗai ke sauke garkuwarsa ya miƙa hannun da ke riƙe ta. To a ƙasar Hausa miƙa wa mutum hagu raini ne, kuma addini ya fifita dama. Wasu iyaye saboda wannan kaɗai suka hana 'ya'yansu shiga. Malaman da suka daɗe a aikin ba su yi jayayya da gari ba. Sukan ce wa yara wannan gaisuwa ta tsakaninku ce a fili, da kun fita ku durƙusa ku gai da na gaba yadda iyayenku suka koya muku. Lokacin salla na yi a busa usur, a ajiye komai, ɗaya daga cikin yaran ya kira salla. Da wannan sassaucin ne liman da mai unguwa suka saki jiki, har aka riƙa ganin 'yan sikawut a filin Idi kafaɗa da kafaɗa da 'yan agaji suna gyara sahu da nemo wa iyaye yaran da suka ɓace a cunkoso.

Ba komai ne ya yi kyau ba. Kuɗin kaki ya hana ɗan talaka tilis shiga, sai in Malam ya rufe ido ya karɓe shi da ƙyallen wuya kaɗai. 'Yan mata kusan ba a yi da su ba a ƙauyuka. An kuma samu malaman da suka mayar da yara leburorin gonarsu da sunan horo, da masu dukan da ya wuce hankali. Irin waɗannan ƙungiyarsu ba ta daɗewa, don iyaye suna da ido.

Abin da duk na ƙwarai suka yi tarayya a kai shi ne ƙirga. Kafin a fita Malam yakan bi gida-gida da ƙafarsa, ya yi sallama da maigida, ya gaya masa inda za a je da ranar dawowa, ya ji daga bakinsa cewa ya yarda. Sunan kowane yaro da na mahaifinsa da unguwarsu suna cikin littafi. A ƙirga kafin a tashi, a ƙirga bayan an tsallake rafi, a ƙirga kafin a kwanta, a ƙirga da asuba, kuma shugaban kowane rukuni shi ke fara ƙirga nasa ya kawo rahoto. Ba a aiken yaro shi kaɗai ko ɗiban ruwa ne. Kuɗin da aka tara ana karanta yadda aka kashe su a gaban kowa. Ranar dawowa Malam ba ya shiga gidansa sai ya miƙa na ƙarshe hannun iyayensa. Muna yara muna ganin wannan yawan ƙirga takura ce. Su kuwa sun san 'ya'yan mutane amana ne, kuma amanar da ba ka san adadinta ba ba ka riƙe ta ba.

A daren Juma'a, 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗalibai cikin daji a ƙafa. Wasu suka tsallake katanga suka bazu. Iyaye suka cika ƙofar makaranta, kwanakin farko ana ta saɓani kan yawan waɗanda aka tafi da su. Gwamna Aminu Bello Masari ya ce 333 ne ba a gani ba, ranar 17 ga wata kuma aka sako 344 ta ɓangaren Zamfara. Ba ina cewa usur da igiya za su tare mai bindiga ba ne. Amma a makon nan duk wani tsohon ɗan sikawut da na yi magana da shi, littafin Malam ya tuna, da yadda yara takwas suke sanin junansu har a cikin duhu su gane waye babu.

Tun daga nan abubuwa suka ƙara tsukewa. Aka rufe makarantun kwana na wani lokaci. A watan Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Dajin Rugu da na Kogo, da wanda ya haɗa Sabuwa da Birnin Gwari, sun zama wuraren da ko manomi sai ya yi shahada yake kusanta. Babu uban da zai ba da ɗansa a kai shi zango yau, kuma yana da gaskiya. Yaron da aka haifa a Faskari cikin shekaru goman nan zai iya girma bai taɓa kwana a waje yana kallon taurari cikin kwanciyar hankali ba.

Samarin kuma ba su daina son kaki da tafiya a sahu ba. Yanzu suna samunsa ne a wajen 'yan banga da 'yan sa-kai, da rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Radda ya ƙaddamar a watan Oktoba 2023. Ina girmama su, da yawa sun ba da rayukansu don garuruwansu su kwana. Sai dai duk wanda aka ba jagorancinsu ya sani saurayi idan ya sa kaki ji yake ya fi kowa, balle an haɗa masa da bindiga. Malamin sikawut yakan kwance ƙyallen wuyan yaron da ya ci zalin na ƙasa da shi a gaban kowa, ba ya mayar masa sai ya je ya ba da haƙuri. Kwamandan da ba zai iya karɓe makamin yaronsa ba ranar da ya tare bawan Allah a kasuwa don kawai ya ga Bafulatani ne, bai kai malamin firamaren nan ƙarfin hali ba. Mun ga inda irin wannan sakaci ya kai mu, ramuwa kan ramuwa, har aka rasa wanda ya fara.

Ga malamin da ke da niyyar tayar da ƙungiya yau, ba sai ya jira daji ya buɗe ba. Filin makaranta ya isa a koya wa yara tsayar da jini, da ɗaukar wanda ya ji rauni, da inda za a taru idan aka ji harbi, da yadda kowane rukuni zai ƙirga kansa cikin minti guda. 'Yan agajin Jama'atu da na Izala da na Fityanu suna nan a kowane gari, akwai masu horon taimakon gaggawa a cikinsu, kuma ba za su ƙi zuwa ba idan an gayyace su. A haɗa da malama mace don 'yan mata su samu nasu rukunin. A yafe kuɗin kaki. Garuruwan Ƙanƙara da Faskari da Funtuwa cike suke da yaran da aka koro daga ƙauyukansu, suna yawo ba aji ba gona, su ya kamata a fara rubutawa. Akwai kuma rugage da suka matso kusa da gari saboda su ma an kwashe musu shanu. Yaransu ba za su kawo kansu ba, iyayensu suna tsoro. Sai malamin ya taka da ƙafarsa ya je wurin arɗo, ya zauna a tabarmarsa, ya nemi a ba shi biyu ko uku.