Minti na 79

Akwai wata kotu a ƙasar nan da ba ta ɗage zama, ba ta jiran lauya, ba ta kuma sauraron wanda ake ƙara. Alƙalanta ba su da iyaka, domin duk wanda ya biya kuɗin shiga ya samu wuri a kan benci ya zama alƙali. Wannan kotu ita ce gidan kallon ƙwallo. Daga Arkilla zuwa Kalambaina, daga Gumbi zuwa Dundaye, da wuya a rasa rumfar kwano ko zagayen zana inda janareta ke ruri, matasa sun zuba wa allo ɗaya ido. A shari'o'in da na ga an yanke a irin waɗannan wurare a ƙasar Wamakko, babu wadda ta tsaya mini a rai kamar ta daren Lahadi, 11 ga Fabrairu, 2024, daren da Najeriya ta kara da Kwaddibuwa a wasan ƙarshe na Gasar Cin Kofin Nahiyar Afirka, a filin wasa na Alassane Ouattara da ke gefen Abidjan.

Ba za a fahimci zafin wannan dare ba sai an tuna halin da mutane ke ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, farashin komai ya tashi, dala kuwa ta doshi naira 1,500. Iyakarmu da Nijar tana rufe tun bayan juyin mulkin watan Yuli, abin da ya karya fatake da direbobin hanyar Illela. A makon da za a buga wasan, mata sun tare hanya a Minna suna kukan tsadar abinci. Cikin wannan ƙunci Super Eagles suka yi ta tsallake shinge, suka fitar da Kamaru, suka fitar da Angola, suka fitar da Afirka ta Kudu da bugun fenariti bayan Stanley Nwabali ya kaɗe guda biyu. Rabon ƙasar da kofin tun 2013. Mutumin da ya wuni yana lissafin kuɗin tiyar gero ya samu abin da zai ɗora zuciyarsa a kai, ko da na minti 90 ne.

A gidan kallon unguwarmu na ga wasan. Ƙarfe 9 na dare aka take, sauran sanyin hunturu bai gama janyewa ba, amma a cikin rumfar gumi ake yi. Akwai ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai 'yan kabu-kabu da suka jingine babura, akwai leburorin siminti, har da dattawa biyu ko uku da ba su saba zuwa ba. A minti na 38 William Troost-Ekong ya tashi sama bayan bugun kusurwa ya sa kai, ƙwallo ta shiga. Benci ya kife, wani ya rungume wanda bai sani ba. Sai dai tun kafin a tafi hutun rabin lokaci wani dattijo da ke kusa da ni ya taɓo kafaɗata ya ce, “Ɗana, kocin ga tsoro shika ji. Dubi yadda yaran suka koma gida duk.” Na ce, “Baba, ai da wannan dabarar muka kawo nan.” Ya girgiza kai bai ƙara magana ba.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Kwaddibuwa ta riƙe ƙwallo, Simon Adingra ya addabi ɓangaren damanmu, a minti na 62 Franck Kessié ya farke da ka. José Peseiro, mai horarwa ɗan Fotugal, ya riga ya sa Moses Simon a madadin Samuel Chukwueze, sannan ya yi shiru yana kallo har minti na 79, lokacin da ya cire Alex Iwobi da Ademola Lookman, ya sa Alhassan Yusuf da Kelechi Iheanacho. Minti biyu kacal bayan haka Adingra ya sake kutsawa ya miƙo ƙwallo, Sébastien Haller ya ɗaga ƙafa ya karkatar da ita cikin raga. Shigar Joe Aribo da Terem Moffi daga baya ta zama ihu bayan hari. Aka tashi 2 da 1.

Nan take kotu ta zauna. Ƙungiya ta farko ta ce laifin Peseiro shi ne jinkiri: ya ga tsakiyar fili ta mutu tun dawowa daga hutu, amma ya bar Iwobi a ciki. Ƙungiya ta biyu ta ce akasin haka ne, canjin ne ya rusa tsari, shaida kuwa ga ta, ana yin sa aka zura ƙwallo. Kuma ta yaya za a cire Lookman, mutumin da ya ci Kamaru biyu ya ci Angola ɗaya? Ƙungiya ta uku, wadda ta fi ɗaga murya, ta ce ina Ahmed Musa, kyaftin ɗin da aka bari a benci tun farkon gasar har ƙarshenta? Ba a daɗe ba maganar ta tashi daga dabarun wasa ta koma kan ɓangaranci, duk da cewa Zaidu Sanusi ɗan Jega ya buga kusan wasan duka, Alhassan Yusuf kuwa ɗan Kano ne. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ganin mutum ɗaya yana riƙe da hujjar farko da ta biyu a lokaci guda, yana zargin mai horarwa da rashin canji da kuma yin canji, ba tare da ya ji wani karo tsakaninsu ba.

Ba na cikin masu cewa ɗan kallo ba shi da bakin magana. Dattijon nan ya hango wani abu na gaskiya, kuma ya faɗe shi lokacin da muke kan gaba, lokacin da faɗarsa ke da tsada. Ƙungiyar da ta ci ƙwallo ɗaya ta koma gida tana tsaro na kusan awa guda, a gaban dubban 'yan kallon masu masauki, ta ba da aron sa'arta ga wani. Wannan suka ce mai nauyi. Amma adalci ya buƙaci a ajiye ɗaya gefen a kan ma'auni. Tsarin 'yan baya uku da Peseiro ya koma wa tun wasa na biyu shi ne ya sa ƙwallo biyu kawai aka zura wa Najeriya a wasanni shida kafin na ƙarshe, kuma da shi aka doke wannan Kwaddibuwar 1 da nema a matakin rukuni. Bakunan da suka kira shi dabara ranar Laraba su ne suka kira shi tsoro ranar Lahadi. Tsarin bai canza ba, sakamako ne ya canza.

A ɗaya ɓangaren filin kuwa akwai Emerse Faé, wanda aka damƙa wa ƙungiya a tsakiyar gasa bayan an kori Jean-Louis Gasset saboda kashin 4 da nema a hannun Ikwatoriyal Gini. Ya sako Kessié daga benci ya farke wa Senegal, ya sako Adingra da Oumar Diakité suka kifar da Mali a mintunan ƙarshe, aka ce gwani ne. Da ƙwallon Diakité ta kauce da taƙi ɗaya, da mai yiwuwa mutanen Abidjan sun ce an ba yaro aikin manya. Tsakanin gwani da wawa a idon ɗan kallo, sau da yawa faɗin turken raga ne kawai.

Wannan hali ba namu ne mu kaɗai ba. A daidai wannan rana, a birnin Las Vegas na Amurka, aka buga wasan ƙarshe na irin tasu ƙwallon, wadda ake runguma a hannu ana gudu da ita, wasan da suke kira Super Bowl. San Francisco 49ers da Kansas City Chiefs suka yi kunnen doki, aka shiga ƙarin lokaci. Mai horar da San Francisco, Kyle Shanahan, ya ci ƙuri'ar zaɓi, ya zaɓi a fara ba shi ƙwallo. Sabuwar doka ta ba kowane ɓangare damar kai hari sau ɗaya, don haka wanda ya zo na biyu ya san adadin makin da yake buƙata. San Francisco ta samu maki uku, Kansas City ta zo ta ci shida, aka tashi 25 da 22. Shanahan ya bayyana cewa lissafinsa shi ne idan aka sake yin daidai, hari na uku, wanda duk ya ci a cikinsa ya gama, zai faɗo hannunsa. Hujja ce da ake iya tattaunawa, amma harin na uku bai zo ba, sai magoya baya suka yi masa ca. Mu a Wamakko muna kwance da namu takaici, su can suna fara nasu, kuma tambayar ɗaya ce: me ya sa bai yi ɗayan ba? Ɗayan kuwa kullum yana da kyau, domin ba a gwada shi ba. Shi ya sa Bahaushe ya ce da na sani ƙeya ce.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa muke tsananta wa mai horarwa haka. Abin da na fahimta shi ne, a rayuwarmu ana yanke shawarwari masu yawa a kanmu a ɗakunan da ba mu taɓa gani ba. Wanda ya sa farashin mai, wanda ya rufe iyaka, wanda ya sa ɗalibi ya yi wata takwas a gida a yajin aikin malaman jami'a na 2022, duk ba mu ga fuskarsu a lokacin da suke yanke hukunci ba, sakamakon kuma a hankali yake isowa. Mai horarwa shi kaɗai ne shugaban da ke tsaye a fili, kyamara a kansa, yana yanke shawara a gabanmu, sakamako ya fito cikin minti biyu. Fushin da ya rasa ƙofar fita a wasu wurare sai ya samu wannan a buɗe. An bar jaki ana dukan taiki.

Taikin da ya fi shan duka kuwa ba Peseiro ba ne, wanda kwantiraginsa ta ƙare bayan makonni kaɗan ya kama gabansa. Alex Iwobi ne. Zagin da aka yi masa a intanet ya kai ya goge hotunansa a shafinsa na Instagram, har Ahmed Musa, wanda aka yi ta fushi a madadinsa, ya fito yana roƙon jama'a su daina. A nan ne shari'ar gidan kallo ta tashi daga nishaɗi ta zama zalunci. A cikin rumfa, magana iska ce, kowa ya furzar ya tafi gida. A waya kuwa tana da adireshi, tana isa ga mutum a ɗakinsa, ta same shi shi kaɗai. Haller da ya ci mu, a 2022 aka gano yana da ciwon daji, ya yi jinya ya dawo fili. Duniya ta tuna cewa shi mutum ne saboda ya yi nasara. Namu da suka faɗi ba su fi shi ƙarancin jini da tsoka ba.

Ba ina kira a rufe kotun ba ne. Muhawarar gidan kallo makaranta ce, a cikinta yaron da bai taɓa tsayawa gaban aji ba ke koyon kafa hujja da kare ta, kuma al'ummar da ta iya tambayar shugaba dalilin abin da ya yi tana da rai. Abin da nake so mu ƙara mata ƙa'idoji biyu ne. Na farko, a auna shawara da abin da mai yanke ta ya sani a lokacin, ba da abin da muka sani bayan an busa usur ba. Na biyu, a soki aiki a bar wa mutum mutuncinsa. Wanda ya saba da waɗannan a kan benci zai tafi da su rumfar zaɓe, da zauren sulhu, da cikin gidansa, wuraren da hukuncin gaggawa ke cin abin da ya fi kofi tsada.