KADA KA MANTA DA NI

A ƙasar Ingila akwai wata 'yar ciyawa mai shuɗin fure, wadda sunanta ya ke da ban mamaki. Ma'anar sunan da Hausa ita ce "Kada ka manta da ni". Masana kuwa suna ce da ita Mayosotis, watau "kunnen ɓera" da harshen Girka, domin ganyenta gajere ne mai gashi-gashi. Da wannan suna wani masani mutumin Siwidin, Karl Liniyas, ya rubuta ta cikin littafinsa na tsirrai a shekarar 1753.

Gane danginta ba wuya. Furenta yana da kunnuwa 5, da ɗan ido a tsakiya, rawaya ko fari. Kan karanta kuma a naɗe ya ke kamar wutsiyar kunama, ya kan miƙe sannu sannu yayin da furanni ke buɗewa. Amma dangin suna da yawa, akwai kuma ƙanana guda 3 da ke fitowa a busasshiyar ƙasa, masu kama da juna ƙwarai. To, a nan aikin ya ke.

In sanyin hunturu ya wuce, wajen watan Mayu, sai mai neman sanin tsirrai ya ɗauki gilashi mai ƙara girman abu, ya nufi fili. Ba ya tsayawa daga nesa ya yanke magana. Sai ya durƙusa, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa ƙasa, don wani furen bai fi ƙwayar gero ba.

Da fari ya kan dubi ɗan koren ƙoƙon da fure ke zaune a ciki. In gashin ƙoƙon a kwance ya ke, wannan irin na bakin rafi ne. In kuwa gashin ya tashi, bakinsa a lanƙwashe kamar ƙugiya, to, irin na tudu ne. Da ƙugiyoyin nan ƙoƙon ya kan maƙale a jikin dabba, kamar yadda ƙarangiya ke yi, a tafi da irin wani wuri.

Sa'an nan ya dubi launi. In sababbin furanni rawaya ne ko fari-fari, tsofaffi kuwa shuɗi, duk a kan kara ɗaya, wannan ita ce mai sāke launi.

In babu rawayan fure, saura biyu ke nan. Sai ya gangara da ido ƙasan kara, inda furanni suka zube, 'ya'ya suka ƙosa. Kowane ƙoƙo yana da ɗan siririn wuya da ya haɗa shi da kara. In wuyan ya fi ƙoƙon tsawo, har ya kai ninkinsa, wannan ita ce ta gona, wadda faɗin furenta ya kan kai milimita 4 ko 5. In wuyan bai fi ƙoƙon tsawo ba, furen kuma milimita 2 ko 3 ne kacal, wannan ita ce mai sammako, wadda ta kan yi fure tun watan Afrilu a kan rairayi.

Me ya sa zai sha wannan wahala kan 'yar ciyawa? Dalili shi ne, masana suna tattara labarin inda kowane tsiro ke fitowa, don a san wanda ke yaɗuwa da wanda ke ƙarewa. In mutum ɗaya ya yi gaggawa ya rubuta sunan da ba shi ba, ya ɓad da duk waɗanda za su dogara da rubutunsa. Saboda haka in ya tarar 'ya'yan ba su ƙosa ba, ba ya rubuta kome. Ya kan sa alama a wurin, ya komo bayan mako biyu ya sāke dubawa. Ya san kama da wane ba wane ba ne.