Maganar kafintocin Kumbashi, a kwamfutar Berkeley

Tun ina yaro a Kumbashi nake jin kafintoci suna daka wa yaransu tsawa in ana rufin kwano: "Kai, tsayar da katakon nan a kan gefensa, kada ka kwantar!" Ban taɓa ganin dalilin a lissafce ba sai da tafiya ta kai ni Berkeley, a jihar Kalifoniya ta Amurka.

Garin yana zaune ne a kan wata tsagar ƙasa mai suna Hayward, wadda ta ratsa ta tsakiyar filin wasan jami'arsu. Mutanen da suke kwana da fargabar girgizar ƙasa ba sa wasa da gini. A nan Farfesa Edward Wilson ya fitar da manhajar lissafin gini mai suna SAP a 1970, nan kuma aka haifi OpenSees, wadda kowa zai iya saukewa kyauta.

Wata ɗaliba ta ja mini kujera gaban kwamfutarta. Manhajar da take amfani da ita ba ta ganin bim ko ginshiƙi, lambobi kawai take karɓa: E, taurin abin da aka yi shi da shi, A, girman fuskarsa in an datse shi, I, yadda siffar fuskar take ƙin lanƙwasa, sai G da J na murɗewa. Ta shigar da katako mai santimita 5 da 15 a tsaye, ta ɗora masa kaya, ya ɗan rusuna. Ta kwantar da shi, kayan bai canza ba, sai ga shi ya lotsa ninki tara. Wallahi muryar kafintocin garinmu na ji a kunnena.

Abin da ya fi burge ni shi ne rashin yaudarar kai. Injiniyoyin can sun san kankare yana tsagewa, don haka ba sa ba shi I ɗinsa cikakke: ƙa'idar ACI 318 ta yarda a ɗauki kashi 35 cikin ɗari ga bim, kashi 70 ga ginshiƙi. Kuma ba sa tsayawa ga abin da kwamfuta ta ce. A Richmond, kusa da Berkeley, suna da wani dandamalin kankare mai kimanin mita 6 kowane gefe, tun 1972. A kansa ake kafa gini, a jijjiga shi kamar ƙasa ta motsa, a auna. Na tsaya gefensa ina kallon wayoyin awo da aka manna wa wani ginshiƙi, ɗalibai biyu suna gwada abin da suka lissafa da abin da kankaren ya yi.